Yadda bakanike zai riƙe mota har a biya shi kuɗin gyara a Legas

Wannan bayani na ƙannenmu ne da aka yaye kwanan nan suka buɗe nasu wurin, a Agege ne ko Idi-Araba ko Mile 12 ko Alaba Rago. Ubangidanka ya koya maka sauke inji da ɗaura giya, amma da wuya a ce ya zaunar da kai ya koya maka karɓar ciko. Ga shi kuwa a nan ne jarin yaro ke karyewa: ka je Ladipo, kasuwar kayan mota, ka sayo kaya da kuɗinka, yara su wuni ƙarƙashin mota, ta tashi lafiya lau, sai mai ita ya daina ɗaga waya, ko ya zo da rabin kuɗi da dogon labari.

Dokar da Najeriya ta gada daga Ingila ta yarda wanda ya gyara kayan wani ya riƙe kayan har a biya shi kuɗin wannan gyaran. Lauyoyi suna kiransa liyen. Ba ya bukatar rajista ko takarda daga wani ofishi, aikin da ka yi ne ya ba ka shi. Sai dai yana da iyaka biyu. Na farko, yana nan ne muddin motar tana hannunka. Ranar da ka miƙa makulli da yardarka, ya tafi. Na biyu, riƙewa aka ba ka, ba a ba ka sayarwa ba. A jihohi da dama na Amurka akwai dokar da ta ba gareji damar yin gwanjon mota bayan ya aika da sanarwa, kuma za ka ga bidiyonsu a intanet. Wannan tsarinsu ne. A nan, ka sayar da motar mutum ba da umarnin kotu ba, kai da ke bin bashi kai za ka koma wanda ake nema.

Abin da za ka tanada

Littafin aiki mai kwafi biyu, irin wanda ake sa takardar kabon, da sunan gareji da lambar waya a sama. Masu buga takardu a Mushin ko Shomolu za su yi maka shi da araha, in ma babu, littafin makaranta mai kauri ya isa, kwastoma ya ɗauki hoton shafinsa da wayarsa. Waya mai kyamara da WhatsApp. Fayil na ajiye rasit ɗin duk kayan da ka saya. Asusun banki wanda kuɗin aiki kaɗai ke shiga. Akwatin makullai mai kwaɗo, wanda ba kowane yaro ke buɗewa ba. Tamfol. Katin ƙungiyar kanikawa ta NATA, da kuɗin ƙungiya biyayye, don ranar rigima za ka nemi ciyaman.

Mafi girma a cikinsu shi ne wurin ajiya mai get da maigadi. Idan a bakin titi kake aiki, ka sani riƙon motarka mai rauni ne: mai ita zai zo da makullin safaya da asuba ya tuƙa abarsa, ko jami'an kula da hanya na LASTMA su kawo janwe su ɗauke ta, ka shiga biyan tara a kan motar da ba taka ba. Mai aikin bakin titi ya shirya da wani gareji ko gidan fakin mai katanga tun kafin bukata ta taso. In hakan ma ba zai yiwu ba, kada ya sa ko sisinsa a kayan gyara.

1. Ranar da mota ta shigo, san ko ta wane ne

Tambayi wanda ya kawo ta: motarka ce? Nemi ganin takardun mota, ka ɗauki hotonsu, ka duba lambar shasi ta jikin mota ta yi daidai da ta takarda. Mutane da yawa suna jin nauyin yin haka, musamman in ɗan gari ɗaya ne. Ka ce masa ƙa'idar gareji ce, kowa haka ake masa.

Dalili shi ne haƙƙin riƙewa yana tsayawa ne idan mai motar, ko wanda ya ba izini, shi ya sa ka aikin. A Legas motocin haya da dama ba na direbobinsu ba ne: ƙananan bas da ake kira korope da keke da motocin Uber da Bolt da yawa an ba direba ne yana biya kaɗan-kaɗan, ko yana kawo balas duk mako. Idan direba ya kawo maka babban aiki, kira mai motar a gabansa, ka faɗa masa abin da ya lalace da kuɗin, ya amsa maka a rubuce ko da muryarsa a WhatsApp. Motar kamfani kuwa, takarda daga ofishinsu, ba bakin direba ba. Idan motar sata ce, ba ka da haƙƙin komai a kan mai ita na ainihi, ƙari ma sai ka yi bayanin yadda ta shigo garejinka. Motar da ba takarda, ba lamba, mai kawowa yana gaggawa, bar ta ta wuce.

Sannan zagaya motar da kyamara, mai ita yana tsaye. Kowane ƙarce da lotsewa, gilasai, fitilu, madubai, tayoyi da safaya, jak, batir da sunan kamfaninsa, rediyo, allon mita da ma'aunin mai. Leƙa ƙasa ka ɗauki tukunyar salansa da ake kira indomi, domin ita ce abu na farko da ake cewa bakanike ya sace idan rigima ta tashi. Kuɗi, takardu, kwamfuta, kayan sayarwa a but, ya kwashe abinsa yanzu. Tura masa bidiyon nan take, kwanan wata ya zauna a wayoyinku biyu.

2. Rubuta yarjejeniya, ya sa hannu

A shafin littafi: sunansa, adireshin gida da na wurin aiki, lambobin waya biyu, lambar mota da ta shasi, aikin da za a yi, kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban. Rubuta irin kayan, sabo ne ko tokumbo. Adireshin nan kada ka yi wasa da shi. "Ina zaune a Ijora" ba adireshi ba ne, kuma sammacin kotu ba ya zuwa lambar waya kawai.

A ƙasan shafin sa waɗannan sharuɗɗa uku, da Hausa da Turanci, tunda kwastomominka ba duka Hausawa ba ne, kotu kuma da Turanci take aiki:

Mota ba za ta fita ba sai an biya kuɗi duka.
Duk ƙarin aiki sai an sanar da mai mota ya amince.
Bayan kwana bakwai da sanar da cewa an gama, za a fara lissafin kuɗin ajiya naira kaza a kowace rana.

Na ukun nan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Haƙƙin riƙewa kuɗin gyara ya rufe, bai ba ka damar ƙirƙiro kuɗin fakin daga baya ba. In ba ku yi yarjejeniyarsa tun farko ba, ko motar ta shekara a wurinka, ba ka da hujjar cajinsa. Kuma sa adadi na hankali, kusa da abin da gidajen fakin na unguwarku ke karɓa. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa a gaban shaida, ya dangwala yatsa, shaidan ya sa hannu.

Akwai masu cewa, "Haba Malam, tsakaninmu har sai an yi rubutu?" Amsata kullum ita ce, "Alhaji, Allah ne ya ce a rubuta bashi, ni bin umarni nake." Ana dariya, ana sa hannu.

3. Kafin alƙalami, da izinin ƙarin aiki

Karɓi kuɗin kaya gaba ɗaya kafin ka taka Ladipo ko Owode Onirin. In ya gagara, kashi biyu cikin uku. Kuɗin aikinka ne ya kamata ya zama ciko, don in an riƙe maka shi gumi ka yi asara, jarinka na nan.

A ce ka buɗe inji don canza gasket, sai ka tarar kan silinda ya lanƙwashe, ringi ma sun tafi. Ajiye sifana. Ɗauki hoto, tura masa, rubuta sabon kuɗin, jira ya ce "a yi". Aikin da ka yi da ra'ayinka, komai kyansa, yana iya cewa bai sa ka ba, kuma riƙe mota a kan kuɗin da bai amince da shi ba yana raunana matsayinka duka. Tsofaffin kayan da ka cire, zuba su a buhu ka rubuta lambar motar a jiki. Su ne shaidar cewa ka canza.

4. An gama aiki

Tura saƙo: an gama, jimilla kaza, an biya kaza, saura kaza, ga lambar asusu. Daga ranar nan kwana bakwai ɗin ajiya ke fara ƙirguwa.

A wannan mataki ne aka fi raba bakanike da mota. Zai zo ya ce, "Bari in ɗan zagaya in ji ta." Gwaji haƙƙinsa ne, amma kai ko babban yaronka ke tuƙi, shi yana gefe, a dawo cikin get. Zai ce ya tura, ga alat, har ya nuna maka hoton rasit a wayarsa. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a balas, saƙon tes da hoton rasit duk ana yin na bogi. Cek kuwa sai kuɗinsa sun shiga asusunka. Idan ka kai motar wurin mai fenti ko mai waya a wani layi, ja masa kunne cewa ba mai ɗaukarta sai kai, domin kwastoma mai wayo can yake zuwa da makullin safaya ya ce Oga ne ya aiko shi.

Sai kuma maganar "ka ba ni zuwa ƙarshen wata". Da ka amsa ka saki mota, bashinka na nan, amma riƙo ya ƙare, kuma in ya dawo da ita bayan wata uku don gyaran birki, ba za ka riƙe ta a kan tsohon bashin ba, sai a kan sabon aikin. Haka nan ba ka riƙe tirelar Alhaji ta biyu saboda kuɗin ta farko. Kowace mota da aikinta, sai dai in kun rubuta akasin haka ya sa hannu.

Wani lokaci sakin ne ya fi. Direban haya da motar ce abincinsa, in ka kulle ta, ina zai samo kuɗin? A irin wannan, rubuta sabuwar takarda: saura kaza, zai riƙa biyan kaza duk Juma'a, ga wanda ya tsaya masa, mutum sananne mai shago ko shugaban tasharsu, shi ma ya sa hannu. Riƙe takardun mota a madadin motar ba ya tsinana komai, illa ka jawo masa kamun jami'an hanya, ya rasa abin biyanka.

5. Ya ƙi biya, ko ya kasa

Faɗa masa a fili, ba zagi, ba ɗaga murya a gaban yara: "Ranka ya daɗe, motarka tana nan lafiya, ba mai taɓa ta. Ranar da ciko ya shigo, ranar za ka ɗauka." Maimaita hakan a rubuce. Nemi abin da kake bi daidai, kada ka ƙara ko naira don haushi. Idan ya kawo cikakken kuɗin da ake binsa ka ƙi karɓa kana neman ƙari, riƙonka ya zama haramtacce, shi ne zai kai ka kotu ya nemi diyyar kwanakin da motarsa ta yi a tsare. Kayansa da suka rage a cikin motar, ba shi, ba su cikin abin da ka gyara.

6. Kula da motar da ka riƙe

Amana ce a hannunka, abin da ya same ta ta sakacinka kai za ka biya. Kulle ta, cire kan batir, rufe da tamfol, makulli a akwati. A tayar da ita lokaci-lokaci a inda take. Kada a fita da ita ko sayen burodi, kada yara su kwana a ciki, kada a ari batirinta ko tayarta a gwada wata mota. Wannan aron na "minti biyar" shi ke zama ba a mayar ba. Lokacin ruwan Yuni da Yuli, matsar da ita daga inda ruwa ke kwanciya. Motar zamani in ruwa ya shiga kwamfutarta, ɓarnar ta fi kuɗin da kake bi.

Kada kuma ka kwance kayan da ka ɗaura don ka mayar Ladipo, balle ka fara sayar da sassanta. Idan ya sace motar da dare ko ya ƙwace da ƙarfi, kada ka tara yara ku bi shi. Kai rahoto, adana shaidar maigadi, ka wuce mataki na 9.

7. Sulhu

Yawancin rigingimun nan a nan suke mutuwa, kuma nan na fi so su mutu. Fara da ciyaman na ƙungiyarku. Idan kwastoman ɗan Arewa ne, fadar Sarkin Hausawan unguwa ko limamin masallacin da yake sallah sun fi takardar lauya saurin aiki, don mutum zai jure bashi amma ba ya son a kira sunansa a gaban manya. Direban babbar mota a Apapa, shugabannin tasharsu.

Idan ba wanda kuka haɗa, akwai Cibiyar Sulhu ta Jama'a, CMC, a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas. Tun 1999 take aiki, kyauta ce, tana da ofisoshi a sassan jihar. Za ka shigar da koke, su gayyace shi, a zauna, abin da aka amince a rubuta ku sa hannu.

Ka shiga sulhu da lissafi. A ce naira 300,000 kake bi, ya kawo 260,000 a hannu yau. Motar ta cinye maka wurin da wata za ta shiga, ga zirga-zirgar kotu a cunkoson Legas, ga ranakun da za ka rufe aiki. Ni dai karɓa nake, in rubuta cewa magana ta ƙare, in kuma san irin kafin alƙalamin da zan nema in ya sake dawowa.

8. Idan ya zo da 'yan sanda

Zai faru, kada gabanka ya faɗi. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan rikicin ciniki ko saɓa yarjejeniya kawai. Shi ya sa mai ƙara ba ya cewa "ina da bashi", sai ya ce an sace masa indomi ko an canza masa inji. Nan bidiyon ranar farko da buhun tsofaffin kaya ke aiki. Yi musu magana da ladabi, kira ciyaman ya raka ka caji ofis, tafi da kwafin takardu, na asali su zauna a gida. Idan aka matsa sai ka saki motar, nemi a rubuta cikon da ranar biya, ya sa hannu a gaban jami'in, ka karɓi kwafi. Kada ka sa hannu a abin da ba a karanta maka ba. Dokar nan kuma kai ma ta hau kanka: kada ka ɗauki 'yan sanda ko sojan unguwa su karɓo maka bashi.

9. Takardar neman biya, sannan kotu

A 2018 Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a cikin kotunan majistare, don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. An tsara su yadda mutum zai tsaya wa kansa ba lauya. Je rajistar kotun majistare mafi kusa da kai, kamar ta Ogba ko ta Yaba, ka ce ƙaramin bashi za ka shigar.

Za a fara da takardar neman biya, fom SCA 1, wadda ke ba shi kwana 14. Ajiye shaidar cewa ta isa hannunsa. Sau da yawa ganin takarda mai hatimin kotu kaɗai ke fito da kuɗin da aka ce babu. In kwanakin sun cika shiru, ka cike fom ɗin ƙara, ka biya kuɗin shigarwa ka karɓi rasit, ma'aikacin kotu ya kai masa sammaci. Yana da kwana 7 ya kawo amsa. Tsarin ya ce a gama komai cikin kwana 60, ko da yake wani lokaci yana zarcewa, musamman in an sha wuyar samunsa.

Tafi da littafin aiki, rasit ɗin kaya, bayanan asusun banki, hotuna, da hirarku ta WhatsApp a buge a takarda. Dokar Shaida ta 2011 ta karɓi irin waɗannan, tare da 'yar takardar tabbatar da na'urar da aka ciro su, saboda haka kada ka goge hirar, kada ka sayar da wayar. In Turancinka bai kai ba, gaya wa magatakarda tun da wuri kana son tafinta. Yaron da ya yi aikin zai iya zama shaida.

Bashin da ya haura miliyan 5 zuwa miliyan 10, kotun majistare ta yau da kullum. Sama da haka, babbar kotu, kuma a nan ka ɗauki lauya. Haka in mai motar ya koma Kano ko Sakkwato, kai sammaci wata jiha yana da nasa ƙa'idoji. Kada ka yi ta jira: bashin ciniki a Legas in ya wuce shekara 6 ba ka kai ƙara ba, kotu ba za ta saurare ka ba.

10. Bayan hukunci

Idan alƙali ya ba ka gaskiya kuma har yanzu bai biya ba, koma rajista ka nemi a zartar da hukunci. Hanya biyu aka fi bi. Kotu na iya umartar bankinsa ya biya ka daga asusunsa, shi ya sa sunan bankin da ya turo maka kafin alƙalami yake da amfani. Ko kuma jami'an kotu su kama kadararsa, har da motar da ke garejinka in tasa ce, su yi gwanjonta, a biya ka da kuɗin zartarwa, abin da ya saura a mayar masa. Su ke sayarwa, kai naka nuna musu inda take.

Motocin da aka yi watsi da su, waɗanda tayoyinsu suka sace ciyawa ta fito ƙarƙashinsu, su ma wannan hanyar ce. Masu sayen ƙarfe za su zo su yi maka tayi mai daɗi, kada ka saurare su. Mai mota na iya ɓullowa bayan shekara uku, ko magadansa su zo da takardu in ya rasu. Aika takarda zuwa adireshinsa na ƙarshe, nemi danginsa ta hannun wanda ya haɗa ku, sanar da ƙungiya a rubuce, sannan lauya ya nema maka umarnin kotu kafin wani ya taɓa ta.

Ranar da aka biya, ta sulhu ko ta kotu, ku zagaya motar tare da bidiyon ranar farko a hannu, ka ba shi buhun tsofaffin kayansa, ya rubuta a ƙasan shafinsa cewa ya karɓi motarsa lafiya ba abin da ya ɓata, ya sa hannu da kwanan wata, sannan maigadi ya buɗe get.